Heluman Gandu

Tun da na dawo daga ƙasar kuza kun hana ni sakat. In na fito masallaci, "Ilu, yaya jirgi?" In na zauna gindin gawo, "Ilu, da gaske ne can ba a durƙusa wa manya?" Har waɗanda ba su zo mini gaisuwar mutuwar Baba ba yanzu sun san hanyar zaurena. To ga shi na rubuta, Liman ya karanta muku, kowa ya ji, a ƙyale ni. Rubutun ba kyau, na sani. Ban sauke ba, ko rabi ban kai ba Baba ya ce gona ba ta jiran mai allo. Wanda bai gamsu ba, hanya ga ta nan, ba wanda ya rufe ta.

Da farko ku sani ba yawon buɗe ido na tafi ba. Kun san ƙanena Habu, wanda duk gidanmu muke ce wa Auta. Shekarar yunwa ya fita, gemu bai fito masa ba, ya ce zai nemo mana abin kaiwa baka. Yunwa ta wuce, shi bai dawo ba. Da ciwon ajali ya kama Baba, ya sa na ɗauko ashasharsa, wadda ya yi noma da ita tun kafin a haife ni. Da hannunsa ya zare ruwan daga ƙotar, ya miƙo mini ƙarfen, ya ce, "Kai wa Auta. Ka ce masa gandu na mutum biyu ne." Bayan sadakar arba'in dagaci ya kira ni, ya ce gonarmu ta arewa ta daɗe tana kwance, mutane na ƙaruwa, in damina ta sake faɗuwa ba mai nomanta zai ba wani. Bai yi zalunci ba, hannu biyu gare ni. Na ce ya jira ni. Na naɗe ƙarfen a tsumma, na ɗaura a ƙugu, na bar Inna tana kallon bayana.

Maigatari na fara nufa, don wani ya ce ya ga mai kama da Auta cikin masu jan raƙuma ta wajen Damagaram. Ranar kasuwa na isa. Na ci cuku wajen wani Buzu, abu kamar fatar takalmi, amma in ka daure yana da daɗi. Daga nan na taka zuwa iyaka. Ku da ba ku gani ba kuna zaton ganuwa ce. Wani tarin dutse ne, tumaki na kiwo ta nan da ta can ba ruwansu. Sai ga wani gardin Faransa da jar hula, baƙi wuluk kamar ni, Hausa a bakinsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya lalube ni, ya ji ƙarfe.

"Makami ne wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, uban wa ya taɓa yaƙi da ashasha?"

Ya juya ta, ya juya ta, sai ya yi dariya. Ya ce ubansa ma da irinta yake noma, amma bakin tasu ya fi faɗi. Muka tsaya muna gardamar bakin ashasha, shi da bindiga a kafaɗa. Wani mai kanwa da ke sauraronmu ya tambayi wanda nake nema. Da na kwatanta masa tabon da ke girar Auta, ya ce, "Malam, ka juya baya. Wannan yaron kudu yake, wajen haƙar kuza, kan duwatsu. Na kai kanwa can bara, na gan shi. Ya zama wani abu ma, sunan abin ne ba zan iya faɗa ba."

Na juyo Gumel, na sami fatake masu jakai za su Kano da gyaɗa, na bi su. A Gagarawa wani jakinsu ya kwanta a tsakiyar hanya ya ƙi tashi. Madugun ya rantse ni ne mai farar ƙafa, don tun da na shigo ayari abu ke lalacewa. Na ce masa in ka ɗora wa uwarka irin wannan kaya ita ma kwanciya za ta yi. Saura kaɗan a raba mu da sanda. Wata tsohuwa mai fura ce ta sasanta, ta dama mana a ƙwarya ɗaya ta ce mu sha tare. Furar Gagarawa ba ta kai tamu ba, yaji ya yi mata yawa, amma ita ce fura ta ƙarshe da na sha mai ɗanɗanon gida.

Kano ba zan ba ku labarinta ba, da yawanku kun je. A Fagge na sauka gidan wani fatoma, ɗaki ɗaya muka cika shi kamar buhunan gero, kuɗin cizo ya yi walima da mu. Nan na gamu da Kofur Bukar, tsohon soja, Babarbare, ƙafa ɗaya tana ja. Shi ma ƙasar kuza za shi, ya sami aikin gadi. Da ya ji daga ƙasar Gumel nake sai ya tafa hannu.

"Bamange! Ɗan'uwana ne kai, ka sayar da harshenka ka sayi Hausa."

Na ce, "Kai da ka riƙe naka, me ya ba ka ban da gurguwar ƙafa?"

Ya ce, "Bakinka ba linzami, za mu shirya." Ya raba gurasarsa biyu ya ba ni.

Jirgi kuwa, ku daina tambayata. Ɗaki ne mai gudu, yana tari, yana tofa wuta. Tartsatsi ya shigo ta taga ya huda mini riga wuri biyu, ga ta nan a rataye, mai so ya zo ya gani. Salla ta gagare ni a ciki, in na fuskanci gabas kafin na yi ruku'u jirgin ya juya ni kudu. Kofur ya ce Allah ya san da jirgi, in yi kawai.

A cikin jirgin na gaya masa abin da mai kanwa ya ce, wai Auta ya zama wani abu. Kofur ya gyara zama.

"To kafin ka isa sai ka san sunayen manyan aiki da Turanci. Can in ka kira mutum ba da sunan matsayinsa ba, ko waiwayowa ba zai yi ba. Kawo hannunka."

Ya kama ƙaramin yatsana. "Wannan lebura. Kai ke nan, da duk wanda ke ɗaukar ƙasa a ka." Ya kama na kusa da shi. "Wannan heluma, mai tsaya wa lebura a kai yana tsawa. Na tsakiya foman, shi ke yi wa heluma tsawa. Manuni injiniya, Bature ne, ya san inda kuza take kwance. Babban yatsa manaja. Shi ba za ka gan shi ba, sai dai dokinsa. In ka ga farar fata ka rasa ko wane ne, ce masa masta, ba ka yi laifi ba. Faɗa in ji."

Na faɗa. Ya ce na faɗe su kamar mai tauna tsakuwa. Na sake. Wata mata mai tallan goro a gefenmu tana ta ƙyaƙyata dariya, ta ce, "Baba, da girmanka za ka koma makaranta?" Na ce mata ta kula da goronta.

Na tambayi Kofur, "To yaya ake gaishe su? Sarki a ce ranka ya daɗe. Malami a ce Allah ya gafarta. Heluma fa?"

"Ba komai. Ka miƙe ƙyam, hannu a gefe, ka ce yasa, wato 'to, maigida' da Turanci."

"Ba a tuɓe takalmi?"

"Ba a tuɓewa."

"Ba a tambayar iyali, ba a tambayar gajiya?"

"Ka tsaya tambayar gajiya a yanke maka aikin yini."

"Wa ke naɗa shi? Gado ne?"

Kofur ya yi dariya har da tari. "Ba rawani, ba kalangu, ba gado. Foman ne zai nuna ka da sanda ya ce daga yau kai ne. Gobe in ya ga dama ya mai da kai ƙaramin yatsa."

Na ce wannan ba sarauta ba ce, aron riga ne. Amma na ci gaba da bitarsu a yatsuna kamar mai jan carbi. Wallahi tun da na ajiye allo ban ƙara yi wa wani abu tilawa irin wannan ba. Ina faɗa ina tunanin a wane yatsa zan sami Auta, yaron da na goya a wuyana zuwa gona, wanda in ya ji tsawar hadari sai ya shige cikin rigata.

A Zariya muka sauya zuwa wani ƙaramin jirgi, ɗan ƙanen wancan. In ya zo hawan tudu sai ya yi ta nishi, har samari su sauka su taka a ƙasa su jira shi a gaba. Muna hawa sanyi na ƙaruwa. Ƙasar ba irin tamu ba ce, ba yashi, duwatsu ne kan duwatsu kamar wani ya jera su da gangan. Mutanen dutsen suna noma wani ƙanƙanin hatsi, acca, su yi gwate da shi. Na ci na ƙoshi, kafin na wanke hannu yunwa ta dawo.

Barikin ma'aikata bukkoki ne a jere kamar haƙora. A ƙofa na ga wani mai sanda da kwat, na ruɗe, na durƙusa na ce, "Yasa, manaja." Mutumin ya kumbura kamar kwaɗo don daɗi. Kofur ya ɗago ni da wuyan riga. "Tashi, Bamange, kada ka kunyata ni. Wannan mai gadi ne, aikin da na zo karɓa ke nan."

Da hantsi aka nuna mini ramin. Rami ne da zai haɗiye unguwarmu, mutane a ciki kamar tururuwa, wasu a duƙe cikin ruwa suna haƙa, wasu na hawowa da kwanon ƙasa a ka. Abin da na lura ke nan, ku riƙe: mu nan muna noma a tsaye mu yi gaisuwa a durƙushe, su can aiki a duƙe, gaisuwa a tsaye. A bakin ramin ga wani dogo da gajeren wando da usur a wuya, yana nuni da sanda. Ya juyo, na ga tabon gira.

Ban san sa'ad da na buɗe baki ba. "Auta! Kai, Auta!"

Leburori suka tsaya. Wani ya ce, "Auta?" Dariya ta bi layi har ƙasan rami. Foman, wani Bayarabe mai agogo a aljihu, yana tsaye ba nisa, ya waiwayo. Na ga fuskar ƙanena ta buɗe kamar zai rugo, sai ta rufe. Ya tako a hankali ya tsaya gabana, ya fi ni tsawo.

Ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Nan babu Auta. In aiki kake nema, ɗauki kwano." Sannan ƙasa-ƙasa ya ce, "Ba a barin baƙo a bariki in ba ya aiki. Ka daure zuwa Lahadi."

Jama'a, na dube shi. Ruwan ashashar ubanmu na ƙuguna, mutuwar ubanmu na bakina. Amma kun sani ba a faɗin mutuwa a tsaye, gaban taro, kamar mai cigiyar akuya. Na haɗiye. Na miƙe ƙyam, hannu a gefe, yadda Kofur ya koya mini. Na ce, "Yasa, heluma."

Na ɗauki kwano. Ni Ilu, mai gandu, da furfura a haɓa, na yi ta hawa da sauka da laka a kaina, ƙanena na hura mini usur. Ruwan ramin sanyi kamar zai tsinke yatsu. Kwanon farko na zame na faɗi, laka ta rufe mini ido, wani Bazabarme ya ɗaga ni ya ce, "Sannu, tsoho, kowa da haka ya fara." Auta bai dubi wajen ba. Amma na lura duk sa'ad da na zo a cika mini, mai shebur sai ya zuba rabi ya ce in tafi. Ban tambayi wa ya sa shi ba.

Ranar Lahadi ba aiki. Bayan azahar ya aiko aka kai ni bukkarsa. Ya yi aure, wata Bazazzagiya, ta gaishe ni ta ajiye ruwa ta fita. Yana ganin ta saki asabari ya cire usur ɗin, ya tuɓe takalmi, ya zube a ƙasa.

"Yaya, sannu da zuwa. Sannu da hanya. Ka gafarce ni, Yaya. Yaya Inna? Yaya Baba, ƙafar tasa ta yi sauƙi?"

Na kwance tsumman, na ajiye ƙarfen a tabarma tsakaninmu. Ya dube shi. Ɗan gidanmu ne, ya san Baba ba ya raba ruwan nan da ƙotarsa yana da rai. Ya ɗauka ya kifa fuskarsa a kai. Na bar shi ya yi kukansa, ni na riga na yi nawa. Da ya lafa muka yi addu'a, na gaya masa saƙon Baba da maganar dagaci.

Ya ce, "Yaya, in na koma, me zan zama?"

"Me za ka zama? Ɗan gidanku."

"In yi noma inda ka nuna, in ci abin da ka auna, in ina son riga in roƙa. Har in tsufa ana ce mini Auta. Nan mutane na jiran bakina."

Raina ya ɓaci, na so in ce masa sarautar aron riga ce, gobe foman zai tuɓe. Amma ba faɗa na zo yi ba, tafiya da shi na zo yi. Akwai maganar da babban wa ba ya iya faɗa wa ƙanensa da Hausa, harshe ba ya juyuwa. Sai na ɗaga hannu, na kama yatsan nan na kusa da ƙarami.

Na ce, "To ka zo ka zama heluma. Heluman gandu. Kai za ka ce ga inda za a shuka, kai za ka riƙe rumbu. Ni lebura. Ai ka ga na iya."

Ya dube ni, ya yi wata dariya da hawaye a ciki.

"Yaya, ba su gaya maka duka ba. Heluma ba ya zama heluma sai in zai iya korar lebura. Ni zan iya korarka? Ranar nan da na ce ka ɗauki kwano, yini na yi ban iya dubanka ba. In muka koma gida, kai ka ce mini yasa, Inna na ji, wallahi ƙasa zan nutse."

"To ka zo a matsayin Auta."

"Shi ne ba zan iya ba kuma."

Duk kalmomin da na haddace sun ƙare, ba wadda ta rage. Matarsa ta kawo tuwon dawa da ya sa ta yi don ni, muka ci a akushi ɗaya kamar da. Har yanzu yana ture mini nama gefena, har yanzu da hagu yake share gumi. Ya ce in ba shi lokaci, in aiki ya yi sauƙi, wataƙila baɗi. Na san wataƙila, ni ma na sha faɗa wa masu neman aron jakina.

Da zan tafi na miƙa hannu zan ɗauki ƙarfen, ya dafe shi. "Baba ni ya ce a ba." Na ce haka ne. Na ce ya miƙe tsaye. Kun san ƙotar ashasha da tsawon mai ita ake yanke ta, shi kuwa ya ƙara tsawo tun barinsa gida. Na kwance igiyar da na ɗaure tsumman, na auna shi daga ƙasa, na ƙulla. Bai hana ni ba. Ya tsaya cak, kamar sa'ad da nake auna masa rigar salla.

Kofur ya rako ni tasha yana jan ƙafa. Ya ce, "Bamange, karatun ya yi amfani?" Na ce ya yi, na san sunan kowa, na dawo ba kowa. Ya sa mini goro a aljihu, bai yi wasa ba wannan karon.

Dawowa ba abin faɗa. Jirgi, Kano, jakai, Gagarawa. Tsohuwar mai fura ta gane ni, ta ce ina wanda na tafi nema, na ce yana tafe. Na shigo gari hadari na haɗuwa a gabas. Inna na zaune inda na bar ta, ta leƙa bayana kafin ta dube ni. Ba ta tambayi ko zai zo ba. Ta ce, "Ya yi ƙiba?" Na ce ya yi. "Yana salla?" Na ce yana yi. Ta ce to, ta juya fuska bango.

Sauran kun sani, da idonku aka yi. Ruwa ya sauka, dagaci ya cika maganarsa, gonar arewa yanzu Ɗanjuma ke nomanta, geronsa ya yi kyau, Allah ya sa albarka. In na wuce ta wajen ba na duban hagu.

Kuma na ji sunan da kuka sa mini tun ranar da na yi kuskuren nuna muku yatsuna a gindin gawo. Heluma. In na wuce yara su miƙe su ce yasa, ku kuna dariya a hannun riga. Ku ci gaba, ba ya mini ciwo kamar yadda kuke so. Masu tambayar sandar da ke jingine a zaurena kuwa, ba ta duka ba ce. Marke ne, na yanko shi daidai ƙullin igiyar nan, na fere, ina shafa masa mai don kada ya tsage. Ta fi ƙarfin tsawona, ba zan iya noma da ita ba, kuma ba ta aro ba ce.

Abu ɗaya nake roƙo. Kaka ta yi, na san cikinku akwai masu shirin tafiya cin rani kudu. Duk wanda ƙafarsa ta kai shi ramin nan, zai ga wani dogo mai tabo a gira da usur a wuya. Kada ya kira shi Auta, kada ya durƙusa, zai ba shi kunya. Ya miƙe ƙyam, hannu a gefe, ya ce, "Yasa, heluma, leburanka na gida ya ce ƙota ta bushe."